Leza da sankarar mafitsara: wa za ta yi wa aiki a Matamaye?

A shekarar 2023 wasu likitocin mafitsara na ƙasar Danmak suka fitar da sakamakon wani gwaji da abokan aikinsu a duniya suka daɗe suna jira. Sun tara majinyata masu sankarar mafitsara, irin mai sauƙin nan da ke tsirowa a fatar ciki, wadda aka taɓa cirewa ta sake dawowa, suka raba su gida biyu. Gida na farko aka yi musu aikin da aka saba: a kwantar da mutum a asibiti, a sa shi barci, a kankare tsiron da wayar lantarki. Gida na biyu kuwa da ƙafarsu suka zo, aka zuba musu maganin kashe zafi, aka ƙone tsiron da hasken leza idonsu biyu, suka tashi suka koma gida a ranar. Da aka leƙa mafitsarar bayan wata 4, leza ba ta gaza tiyata ba, kuma waɗanda aka yi wa ita sun fi samun sauƙin jiki bayan aikin.

Labarin ya yi daɗi, ba ni da niyyar rage masa armashi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: da za a sauke wannan na'ura gobe da safe a asibitin gundumar Matamaye ta Nijar, a ba ta wuta da likitan da ya iya ta, mutum nawa daga Kance, Dungu, Tsauni, Yawuri da Ɗan Barto za ta yi wa amfani? A ganina kaɗan ne ƙwarai, kuma dalilin ƙarancinsu ya fi ita kanta na'urar cancantar a tsaya a kansa.

Sai an fara da sanin cutar. Mafitsara jaka ce mai bango hawa-hawa: akwai siririyar fata a ciki wadda fitsari ke taɓawa, ƙarƙashinta akwai wani shimfiɗi, sannan tsokar da ke matsewa in mutum zai kama ruwa. Duk hukuncin likita a kan tambaya ɗaya yake: tsiron ya tsaya a sama, ko ya ci ya kai tsoka? A Turai da Amurka, cikin mutum 4 da aka gano suna da sankarar mafitsara, kimanin 3 tasu ba ta kai tsoka ba. Irin wannan ba ta cika kisa da wuri ba, amma tana da naci. Wajen rabin masu ita, ko fiye, za su sake ganin ta cikin shekara 5. Dalili kuwa shi ne gubar da ta haddasa ta, galibi ta hayaƙin taba, cikin fitsari take taruwa, ta jiƙa fatar mafitsarar baki ɗaya shekara da shekaru. Manomin da ƙuduji ya kama gonarsa ya san yadda abin yake: ya tuge wanda ya fito bana, amma irin yana nan kwance a ƙasa, baɗi zai leƙo ta wata kunyar.

Saboda haka mai wannan cuta ba ya rabuwa da likita. Wata 3 bayan aikin farko za a zura masa na'urar leƙe ta hanyar fitsari a duba. Idan tasa mai sauƙi ce, sai a riƙa dubawa sau ɗaya a shekara har shekara 5. Idan mai hatsari ce, duk wata 3 har shekara 2, sannan a riƙa jan tazara. Wasu ana zuba musu magani a cikin mafitsara. Wanda ya fi shahara shi ne BCG, allurar tarin fukan nan da ake yi wa jariranmu a hannu, wadda Calmette da Guérin suka fara amfani da ita a Faransa a 1921. A 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna cewa in aka zuba ta a mafitsara mako-mako har sau 6, takan tayar da garkuwar jiki ta far wa sankarar. Har yau da ita ake aiki, ko da yake ta yi ta ƙaranci a duniya tun da wata babbar masana'antarta a Toronto ta tsaya a 2012.

To ka ɗauki dattijo mai shekara 78, ga ciwon zuciya, ga maganin tsinka jini da yake sha, kuma duk shekara sai ɗan tsiro ya ɓullo masa. Kowace dawowa sai an kwantar da shi, an tsayar da maganinsa, an sa shi barci, an sa masa robar fitsari. Wani lokaci wahalar aikin ta fi ta tsiron. Wannan dattijo shi aka yi wa leza. Ana zura siririn zaren gilashi ta cikin na'urar leƙe mai lanƙwasa, a kai bakinsa kan tsiron, a saki haske. Irin da ake kira holmium ruwa ne ke shanye ƙarfinsa, don haka zafinsa ba ya shiga nama fiye da kimanin rabin milimita: yana ƙone abin da aka nuna masa ya bar na ƙasa. Ba ya sa ƙafar majinyaci ta zabura kamar yadda wayar lantarki kan yi in ta kusanci jijiyar gefen mafitsara, zaburar da kan jawo a huda bango. Jini kaɗan ne ke zuba, sau da yawa ba a bukatar roba, ba a bukatar gado. Dabarar ba ta jiya ba ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Munik ta Jamus suka fara gwada leza a kan tsiron mafitsara, ƙasa da shekara 20 bayan Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960. Abin da ya sauya shi ne na'urorin sun ƙanƙance, an kuma tara hujjar da ta nuna wa ya dace da ita.

Wanda ya dace da ita kuwa sharuɗɗansa a fili suke. An taɓa cire masa tsiro an kai ɗakin bincike, an tabbatar mai sauƙi ne. Wanda ya dawo ƙarami ne. An gan shi ne saboda ana dubawa a kai a kai, tun bai yi girman da zai sa jini ya ɓalle ba. Akwai kuma wani aibi da masu tallar leza ba sa son ambata: abin da aka ƙone ba ya zuwa ɗakin bincike. In ba a ciri ɗan yanki kafin a ƙona ba, ba mai iya cewa ko tsiron ya sauya hali ya fara nutsewa. Akwai hanyar yanko tsiro ɗungurungum da leza, amma wannan cikakkiyar tiyata ce da ɗakinta da mai sa barcinta.

Mu dawo gida. Sankarar mafitsara da ta fi damun ƙasar Hausa ba irin ta Danmak ba ce. Wani nazari da aka yi a Kano a kan naman da aka ciro daga majinyata, wanda aka wallafa a 2003, ya samu fiye da rabi irin da likitoci ke kira sukwamas ne, wato wanda ke tasowa in fatar mafitsara ta daɗe tana gurzuwa har ta rikiɗe. A Sakkwato ma likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun daɗe suna ba da rahoton haka, suna danganta shi da tsargiya. Wannan iri ba ya zaman sama. Nutsewa yake yi, kuma yakan kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, shekara 40 zuwa 50 da 'yan kai, lokacin da gida kacokan ke wuyansa. BCG ba ta yi masa komai. Leza ba ta kai inda yake. In an same shi da sauran dama, maganinsa cire mafitsarar gaba ɗaya, a yi wa fitsari wata hanya. In an makara, sai dai rage raɗaɗi.

Tsargiya kuwa ba baƙuwa ba ce a kudancin jihar Damagaram. Ƙasar Kance tana da abin da arewacin jihar ke sha'awa: ruwa kusa da ƙasa, kwarurrukan Korama, fadamu, garkunan rake da tumatir da albasa, tafkunan da ke cika da damina su kai rani. Arziki ne, ba wanda zai ce a bar shi. Sai dai a ruwan kwance katantanwar da ke rainon tsutsar ke zama. Mai cutar ya yi fitsari a bakin tafki, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsa ya shiga katantanwa, bayan 'yan makonni ya fito dubbai yana yawo a ruwa, musamman da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke wanka, mata ke wanki, mai garka ke ban ruwa. Ba sai an sha ruwan ba; ta fata yake shiga. Ya girma a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, macen ta riƙa zuba ƙwai ɗaruruwa a kullum har tsawon shekaru. Kowane ƙwai da ƙayarsa a gindi. Wasu su huda su fita da fitsari, shi ne jinin da ake gani a ɗigon ƙarshe. Sauran su maƙale a bango, jiki ya yi ta faɗa da su, miki ya warke ya sake buɗewa, bango ya yi kauri ya taurare. Bayan shekara 20 ko 30, a wasu mutane, daga nan sankara ke tashi.

Ba hasashe ba ne. Theodor Bilharz ya ga tsutsar a asibitin Kasr el-Aini na Alƙahira a 1851. A 1911 wani likita mai suna Ferguson, shi ma a Alƙahira, ya rubuta alaƙarta da sankarar mafitsara. A 1994 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsutsar tsargiyar mafitsara a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, rukunin da taba take ciki.

Misira ce ta fi kowa shan wannan wahala, ita ce kuma ta nuna ana iya juya ta. A cibiyar sankara ta ƙasa da ke Alƙahira, a 1980 kusan kashi 3 cikin 4 na sankarar mafitsara irin ta tsargiya ce. Zuwa 2005 ta faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 3. Ba sabuwar na'urar tiyata ta kawo wannan ba. Raba magani ne a ƙauyuka, da yaƙi da katantanwa, da kai ruwan famfo. Sun yi tuntuɓe a hanya, tuntuɓe mai tsada: kafin zuwan ƙwayar tsargiya ta faraziƙwantel, allurar da suka riƙa yi wa jama'a da sirinjin da ba a tafasa da kyau ba ta baza musu ciwon hanta nau'in C, suka shafe shekaru suna biyan bashinsa. Amma ga abin lura. Da tsargiya ta ja baya, sai irin sankarar Turai, mai zaman sama, mai alaƙa da taba, ta zama ita ce gaba. Wato sai da Misira ta rage tsargiya sannan ta samu majinyatan da leza za ta yi wa rana.

Nijar ba ta zauna ba, kuma adalci ne a faɗa. A 2004 aka ƙaddamar da shirin ƙasa na yaƙi da tsargiya da tsutsar ciki, da tallafin wata cibiya ta Kwalejin Imperial da ke Landan, aka shiga makarantu da ƙauyuka ana tsayar da yara jikin sandar awo ana ba su ƙwaya gwargwadon tsayinsu. Kamfanin Merck na Jamus yana ba da ƙwayar kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007. Akwai kuma abin da 'yan ƙasa da yawa ba su sani ba: ƙa'idar da likitocin duniya ke bi wajen duba ɓarnar tsargiya da na'urar hoton ciki, a Yamai aka tsara ta, a wani taron masana a 1996, kuma da sunan Yamai ake kiran ta har yau. Cibiyar bincike ta CERMES asalinta don sanƙarau da tsargiya aka kafa ta. Ilimin yana gida. Abin da ya rage shi ne ya sauko daga Yamai ya iso gidajen likita na karkara.

Inda nake ganin ramin shi ne wajen manya. Rabon magani ya fi karkata ga yara 'yan makaranta, kuma da dalili, su suka fi ɗaukar tsutsa. To amma wanda sankara ke jira ba yaron bana ba ne. Ubansa ne, wanda ya yi ƙuruciyarsa a tafki kafin 2004, bai taɓa haɗiyar ƙwayar ba, har yau kuma ƙafarsa cikin ruwan garka take daga kaka zuwa bazara. Uwarsa ce, wadda in ta ga jini sai ta ɗauka al'ada ce ta rikice, in ma ta gane ba haka ba ne kunya ta hana ta faɗa. Ƙwayar tana kashe tsutsa, ba ta goge tabon shekara 30. Waɗannan mutane duba suke bukata.

Duk wanda ya taɓa zama a benci a gidan likita ya ji irin wannan hira.

"Baba, tun yaushe kake ganin jinin?"

"Haba ɗana, ai wannan tun muna yara muke yin sa. Wa bai yi ba? Zafin rana ne."

"Wannan na yanzu fa, da gudaji?"

"To, wannan kam tun kafin azumi."

A cikin amsar farko matsalar take. Garin da kusan kowane yaro ya yi fitsarin jini, jini ya daina ba da tsoro. A wasu wurare ma alamar balaga ake ɗaukarsa. A Danmak, magidancin da ya ga ja a fitsarinsa sau ɗaya, cikin 'yan makonni an leƙa mafitsararsa. A nan mutum zai fara da jiƙo, ya koma wajen mai tallar magani a kasuwa ya sayi kafso, a ce masa ciwon sanyi ne, jinin ya ɗauke da kansa kamar yadda jinin sankara kan yi, ya ce ya warke. Sai ranar da gudan jini ya toshe hanya, mara ta kumbura, sannan a nemi mota. Ba na ganin laifinsa shi kaɗai. Wani lokaci ya je gidan likitan, aka ba shi maganin tsargiya ko na sanyi aka sallame shi, ba wanda ya ce masa in jinin bai tsaya ba ya dawo. Ya kamata ya zama doka a bakin kowane majo da kowace ungozoma: wanda ya haura shekara 40 ya ga jini a fitsari, musamman marar zafi, ba a rufe maganarsa da ƙwaya. A ba shi ƙwayar, a kuma tura shi hoto.

Akwai tsoro na biyu da ba a cika faɗa a fili ba. Mutum ya ji an ce za a zura masa ƙarfe ta gabansa, ko an ce in aka cire mafitsara da jaka a ciki zai riƙa yawo, sai ya tuna alwalarsa da sahun masallaci, ya ce gara ya koma gida ya jira ikon Allah. Nan aikin malamai ne. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta daɗe da yi wa mai yoyon fitsari sauƙi a hukuncin tsarki, kuma bayanin minti 5 daga bakin liman ya fi takardar likita shiga kunnen dattijo. Na'urar leƙe mai lanƙwasa kuma ba ƙarfen da ake ba da labari ba ce. Siririya ce, ana shafa maganin kashe zafi, ana gamawa cikin mintuna.

Sai maganar hanya. Daga Matamaye mutum zai hau titi ta Takeita ya shiga Damagaram, ƙasa da kilomita 100, inda Babban Asibitin Ƙasa ke da sashen likitocin mafitsara. In aka ce sai gashin sankara, Yamai ce, kusan kilomita 900 daga Damagaram, domin a can Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa ta fara gashi a 2021, karo na farko a tarihin ƙasar. Shi ya sa da yawa kan juya kudu, su bi ta Ɗan Barto su faɗa Daura, su wuce Kano ko Katsina, wanda ya fi musu kusa nesa ba kusa ba. Mun ga raunin wannan dogaro a 2023, lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya kuma ta katse wutar da take ba Nijar, ba ta kuma buɗe iyakar ɓangarenta ba sai Maris 2024. Mai sankarar da ake dubawa duk wata 3 ba shi da wata 7 na jira. Na'urar leza ma ba ta son wuta mai ɗaukewa, zarenta ƙarewa yake yi, kuma in ta lalace mai gyaranta ba a unguwa yake ba.

Kuɗi ma haka. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, aka kuma sa sankarar mata cikin abin da gwamnati ke biya, sannan a 2024 aka zabtare rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati. Duk alheri ne. Amma abin da ke karya mai sankarar mafitsara ba tiyatar farko ba ce, dawowar ce. Kuɗin mota na mutum biyu, masauki, abinci, kwanakin da aka bar garka ba ban ruwa, sau 3 ko 4 a shekara. Dangi kan haɗa hannu su biya aikin farko, a sayar da sa ko a jinginar da gona. Ba wanda ke sayar da sa don a je a duba mutumin da yake ji garau. A nan ake rasa majinyaci, kuma majinyacin da aka rasa ba zai taɓa zama irin wanda leza ke so ba, domin ranar da zai sake bayyana tsironsa ya wuce ƙonawa.

Kada a ɗauka ina cewa leza kayan ƙasaitar masu hali ce da ba ruwanmu da ita. In aka duba da kyau, ƙasa irin tamu ta fi Danmak bukatar abin da take ragewa. Mu ne ba mu da isassun masu sa barci, mu ne gado ke ƙaranci, mu ne ake ɗage tiyata saboda ba jini a ajiye. Aikin da za a yi wa mutum da safe ya kama motar Matamaye da la'asar, ba roba ba kwanciya, aikinmu ne. Ga shi kuma na'urar holmium ɗin nan ita ce ke farfasa tsakuwar ƙoda da ta mafitsara, cutar da ƙasar zafi da ƙarancin shan ruwa ba ta rabuwa da ita, don haka ba za ta zauna tana ƙura ba. Kuma masu irin sankarar da ta dace da ita suna nan tafe. Sigari na yawo a hannun samari duk da dokar taba ta 2006, shisha ta shigo, taba kuwa ita ke da alhakin wajen rabin sankarar mafitsara a ƙasashen da aka ƙididdige. Abin da ya faru a Misira zai faru a nan. Gardamata a kan jeri ce: me ke gaba, me ke baya.

Abin da ke gaba ba shi da ƙyalli, shi ya sa ba a yanka masa kyalle. Tsinken gwajin fitsari mai nuna jinin da ido bai gani, a kowane gidan likita, kada ya yanke. Na'urar hoton ciki a asibitin gunduma da ma'aikacin da aka koya wa duba bangon mafitsara da ƙoda bisa ƙa'idar Yamai, ba duba juna biyu kaɗai ba. Ƙwayar tsargiya ga manya masu aikin ruwa, a kai musu ita bakin garka da kasuwa tunda ba sa zuwa makaranta. Sannan a Damagaram, na'urar leƙe mai lanƙwasa fiye da ɗaya, don kada aiki ya tsaya in guda ta lalace, da ɗakin binciken nama da zai ba da amsa cikin mako 2 maimakon majinyaci ya riƙe kwalba yana neman mai tafiya. Da littafin rajista, ko lambar waya, da wanda aikinsa kawai ya kira mutum ya ce, "Alhaji, watan dubawarka ya kama." Jami'ar André Salifou tana yaye likitoci a Damagaram, ɗalibanta za su iya riƙe wannan rajista, su kuma fitar mana da adadin da za a yi shiri a kansa. In waɗannan suka tsaya da ƙafarsu, leza za ta zo ta tarar da layi yana jiran ta. In ba su tsaya ba, za ta tarar da mutanen da ba ta iya yi wa komai.

Akwai kuma waɗanda ba za su jira gwamnati ba, masu ɗan hali da ake ce wa su je Kano, Abuja, Alƙahira, Tunis ko Indiya a yi musu "aikin leza ba yanka". Kafin a sayar da gona, a tambayi likita abu 3, kuma likitan kirki ba zai ji haushi ba. An ciri naman an bincika, wane iri ne? Ya kai tsoka ko bai kai ba? Bayan an ƙone, wa zai riƙa dubawa, a ina, bayan wata nawa? In tsiron ya kai tsoka, ƙone samansa na iya tsayar da jini na ɗan lokaci, mutum ya dawo gida ana yi masa barka, alhali cutar tana ci ta ƙasa, kuma watannin da za a iya cire mafitsara a ceci rai suna wucewa. In ba a taɓa bincika naman ba, aikin farko kankarewa ne har a haɗo da tsoka a kai ɗakin bincike. Wanda Misira ta zama masa dole, ya sani akwai cibiyar mafitsara da ƙoda ta Mansura, wadda Farfesa Muhammad Ghoneim ya kafa a 1983, wadda ta yi suna a duniya a kan tiyatar sankarar da tsargiya ta haddasa, wato irin tamu. In kuwa ba a iya amsa tambaya ta uku, to kuɗin jirgin ya fi amfani a ajiye shi a gida, a raba shi kashi-kashi na motar Damagaram duk wata 3.